Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Fadama a Bakin Sheƙa: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara saka hotunan tsuntsayen da nake ɗauka a dausayin Hadeja da Nguru, tambayoyi ba su yanke mini ba, kuma yawancinsu kan hoton sheƙa ne: uwa a kan ƙwai, ko 'ya'ya sun wage baki suna jiran abinci. Na gaji da maimaita amsa ɗaya ga mutum goma, shi ya sa na tattara su a nan. Wasu amsoshin ba za su yi wa mai gaggawa daɗi ba.

Wane lokaci ne tsuntsayen ke yin sheƙa? Na zo a watan Janairu, na ga dubbansu, amma ban ga sheƙa ko ɗaya ba.

Ai ka zo lokacin baƙi ne. Agwagwin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki da ke cika tafkunan Nguru da Dagona a Jihar Yobe daga Oktoba zuwa Maris 'yan cin rani ne daga Turai da arewacin Asiya. Sanyi suke gudu, kuma can gidansu suke komawa su yi ƙwai. Shi ya sa masu ƙidayar tsuntsayen ruwa ke fita a Janairu, lokacin da aka fi cika. Mai neman sheƙa kuwa kalandarsa daban.

'Yan gida yawancinsu damina suke jira. Shamuwa ce ke buɗe fage: tana isowa gab da faɗuwar ruwa, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta hau kan kuka ko tsamiyar da ke tsakiyar gari ta gyara tsohuwar sheƙarta. Balbela da zalɓe na biyo baya, suna taruwa ɗaruruwa a bishiya ɗaya ko a kurmin bagaruwar da ruwa ya kewaye. Kirinjijiya da dinya suna ɓoye nasu ƙwai cikin doguwar ciyawa idan damina ta kankama. Taka-a-bado sai ruwa ya kwanta, bado ya shimfiɗu. Zakaran ƙeƙuwa shi ne na daban, don busasshiyar ƙasa yake so, saboda haka an fi cin karo da ƙwansa a inda ruwa ya janye ya bar fili.

Kada ka riƙe waɗannan watanni kamar karatun allo. Ambaliyar da ke cika fadamun tana kai ƙololuwa wajen Agusta da Satumba, amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Hadeja ba damina kaɗai ke juya shi ba. Wata shekara fadamar da ka sani ta cika ta batse, wata shekara ka iske ana noman rani a cikinta.

Ina zan je?

Kogin Hadeja da na Jama'are suna bajewa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Jigawa da Yobe kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Duk wannan faɗin wurin tsuntsu ne. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta saka cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Baturiya da ke Jigawa da tafkin Dagona da ke ƙasar Bade sun shiga a 2008, tare da tafkin Maladumba na Jihar Bauchi. A Nijar akwai tafkin Madarumfa kusa da Maraɗi, da na Gidimuni a jihar Damagaram, da Tabalak a jihar Tawa.

Amma in gaskiya kake so, sabon hannu bai kamata ya fara da waɗannan ba. Fara da shamuwar garinku. Ta saba da mutane, ƙarƙashinta ake daka ana cin kasuwa, kuma babu mai taɓa ta don kowa ya san ita ce mai bushara da damina. Za ka iya shafe wata biyu kana koyon haske da haƙuri a gindin kuka ɗaya ba tare da ka cuci kowa ba.

Sai na nemi izini?

Dagona na ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, saboda haka sai ka bi ta hannun ma'aikatan gandun, su haɗa ka da mai rakiya. Baturiya ma wuri ne mai kariya, akwai masu gadinsa. Sauran fadamu kuma, ko da ba gwamnati, suna da masu su. Wannan kududdufin da ka ga kamar ba na kowa ba, akwai gidan da ke su a cikinsa tun kaka da kakanni. Ka fara sauka ƙofar bulama ko mai unguwa, ka gaisa: “Ranka ya daɗe, baƙo ne, tsuntsaye na zo ɗauka hoto.” Ka nuna masa hotunan da ke cikin kyamarar, ka roƙi ya haɗa ka da sarkin ruwa. Da ɗan gari akan ci gari. Ga kuma halin da ake ciki: baƙon da aka gani cikin ciyawa da wani dogon baƙin abu a kafaɗa, ba tsuntsu ne zai fara faɗo wa mutane a rai ba.

Taku nawa ya kamata in bari tsakanina da sheƙa?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma ba ta da lamba. Shamuwar cikin gari ba ta damu da kai ba ko kana gindin bishiyar. Dinya kuwa tun kana can nesa, inda da ƙyar kake hango ta, ta riga ta miƙe wuya. Tsuntsun ne zai gaya maka iyakarka, in kana sauraro.

Mai kwanci da hankalinsa ke kwance yakan lumshe ido, ya gyara gashinsa, ya tashi ya juya ƙwai ya koma. Da ya daina duk wannan ya miƙe wuya yana kallon wuri ɗaya, kai yake kallo, ka tsaya. In ya fara kuka gajere-gajere, ja da baya. In ya sauka daga kan ƙwai ya sulale, ka riga ka yi ɓarna, abin da ya rage shi ne ka bar wurin da sauri ya samu ya dawo. Wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa kan yi ta jan fiffike a ƙasa kamar sun karye. Mutane kan ce, “Kai, ga hoto!” su bi su. Ba karyewa ya yi ba, janye ka yake daga 'ya'yansa, kuma duk daƙiƙar da ya ɓata a kanka 'ya'yan na rana. Zakaran ƙeƙuwa shi ba ya ma lallashi: tashi yake ya yi ta kawo maka sura yana ihu har duk fadamar ta san ka iso.

To mene ne abin tsoro in uwa ta tashi na minti biyar? Ai za ta dawo.

Abu biyu: rana da ɓarawo.

Mu mun saba tunanin kwanci ɗumama ƙwai ne, kamar na kaza a akurki. A fadamar Yobe cikin bazara, aikin uwa sanyaya shi ne. Ƙwai na son zafin da bai wuce digiri 37 zuwa 38 ba, kuma in ya haura arba'in da 'yan kai ya jima a haka, ɗan da ke ciki ya mutu. A Afrilu da Mayu iskar Nguru kanta tana wuce digiri 40, balle ƙasar da rana ke duka kai tsaye. Ka lura da zakaran ƙeƙuwa da tsakar rana: zai je bakin ruwa ya jiƙa gashin cikinsa, ya dawo ya rufe ƙwan da shi, ko ya tsaya a kansu yana haki yana yi musu inuwa. Wanda ya kore shi a wannan sa'a, ko bai taɓa komai ba, ya dafa ƙwan.

Ɓarawon kuma hankaka ne, da shirwa, da guza, da karen makiyaya. Ana yi wa hankaka kirari da mai da ɗan wani naka, amma a fadama mai da ɗan wani kalaci yake yi. Yana da wayo fiye da yadda ake zato, kuma yana lura da inda mutum ya tsaya ya daɗe. Ni kaina ya koya mini. Shekarun baya na sami ƙwai uku na zakaran ƙeƙuwa a wani ɗan tudu, masu ɗigo-ɗigo kalar ƙasa, da ƙyar ido ke raba su da tsakuwa. Na durƙusa na ɗauki abin da bai fi hoto goma ba, na tashi ina jin daɗi. Ban yi taku hamsin ba na waiwaya na ga hankaka biyu sun sauka daidai inda gwiwata ta yi shaida. Ƙwan da iyayensa suka ɓoye kusan mako uku, ni na nuna shi cikin minti huɗu. Hotunan na nan, ban taɓa saka su ko'ina ba.

Gaskiya ne in mutum ya taɓa ƙwai ko ɗan tsuntsu, uwar za ta ƙi shi saboda warin hannu?

A'a, yawancin tsuntsaye ba sa ƙin 'ya'yansu don wannan. Amma kada ka mayar da amsar lasisi. Hanyar da ka tattake cikin ciyawa zuwa sheƙar, ita guza da kare za su bi.

Wace kyamara zan saya?

Gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba, wato lens, ya fi kyamarar muhimmanci. Abin da bai kai milimita 400 ba zai riƙa tura ka kusa da tsuntsu ko ba ka so. Masu hali kan sayi gilashin Sigma ko Tamron mai 150 zuwa 600, su ɗaura a Canon ko Nikon, ko da ta hannu ce. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, Nikon P900 na jawo abu ninki 83, P1000 kuma ninki 125. Hotonsu ba ya kai na manya kyau in haske ya yi ƙasa, amma suna ba ka abin da ya fi komai amfani a bakin sheƙa, wato nisa. Waya kaɗai ba za ta yi ba. In ita ce kawai gare ka, ka ɗora idonta a kan madubin hangen nesa, ka tsaya kan shamuwa da balbelar gari.

Ka haɗa da sandar kyamara mai ƙafa uku, ko buhun da ka cika da gero ka ɗora gilashin a kai in cikin kwalekwale kake. Da leda mai kauri saboda ruwa, da batir na biyu.

Yaya zan saita ta?

Saurin ƙyaftawar kyamara 1/1000 na daƙiƙa ga mai kwanci, 1/2000 ko fiye ga mai sauka da abinci a baki. Bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau in ya zama dole, ko da zai sa hoton ya yi yashi-yashi. Hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya dushe. Ka sa ido ya fito tar, sauran jiki ya biyo baya. Balbela da sauran fararen tsuntsaye suna yaudarar kyamara, ta ƙone farin ya zama kamar takarda, saboda haka rage haske da mataki ɗaya. Kashe duk wani ƙara, kashe filasha.

Lokaci kuwa daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai bayan la'asar. Da hantsi ya ɗaga, kawalwalniya kan taso daga ruwa da ƙasa, duk tsadar gilashinka hoton zai fito yana rawa. Dama lokacin ne ya fi haɗari ga ƙwai, sai ya zama maslaharka da ta tsuntsu sun haɗu.

Ana cewa a yi bukkar ɓuya. Yaya ake yin ta?

Da zana ko kara ko buhunan algarara, abin da idon tsuntsun wurin ya saba gani. Ba ka kafa ta kusa rana ɗaya. Ka fara can nesa, ka bar ta kwana biyu, ka matso da ita kaɗan da yamma in rana ta yi sanyi, ka koma nesa ka duba da madubi ko mai kwanci ya dawo. In ya wuce minti goma sha biyar bai dawo ba, janye bukkar, ka haƙura da wannan sheƙar. Kada ka fara wannan aiki a kwanakin farko na kwanci, lokacin ne tsuntsu ya fi saurin watsar da ƙwai.

Akwai tsohuwar dabara: ku shiga ku biyu, ɗaya ya fito ya tafi a fili. Tsuntsun ya ga mutum ya tafi, hankalinsa ya kwanta. Haka in za ka fita, abokin ne zai dawo ya ɗauke ka, kada ka ɓullo kwatsam daga cikin zana. Wannan na nufin in ka shiga ka shiga ke nan, awa uku ko huɗu, da sauro da gumi da ƙafar da ta sage. Ka yi fitsarinka tun a gida.

Abu ɗaya da mutane ba sa tunawa: bukka a fili tana kiran yara. In wurin hanyar masu kiwo ce ko 'yan su, gara ka fasa. Kwalekwale ya fi sau da yawa, don tsuntsayen sun saba da masunta. Ka kwanta a ciki, mai tuƙi ya bar shi ya tafi a hankali ba tare da ya nufi sheƙar kai tsaye ba.

Wani ganye ya tare mini fuskar tsuntsun. In cire shi?

Tsuntsun ya zaɓi wurin ne saboda wannan ganyen. Shi ne inuwarsa, shi ne labulensa. Matsa da kyamara hagu ko dama, in bai yiwu ba ka ɗauka da ganyen.

Yara sun ce za su nuna mini sheƙa in na ba su wani abu. Laifi ne?

Nan ne na fi ganin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ka ba yaro ɗari biyar don ya nuna maka sheƙa, gobe yara goma sun bazu cikin fadama suna tattake ciyawa suna nema. Jibi wani zai ga ai ya fi sauƙi ya kawo maka abin har inda kake. An taɓa tarbe ni a bakin wani ƙauye da 'ya'yan balbela biyu cikin kwano, ana murna an hutar da ni. Wani baƙo ne da ya riga ni zuwa ya koya musu cewa abin kuɗi ne.

Na zauna da su na ba su labarin da Abu Dawuda ya ruwaito, na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, ta zo tana ta kaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata. Sun san labarin ma, ba su dai taɓa haɗa shi da balbela ba. Abin da nake yi yanzu: ina ɗaukar mutum ɗaya, babba, wanda mai gari ya ba ni, in biya shi kuɗin yini ko mun ga sheƙa ko ba mu gani ba.

Bishiyar da balbela suka taru fa? Su ai suna da yawa.

Yawan ne matsalar. In ka shiga ƙarƙashin kurmin, iyaye ɗari su tashi lokaci ɗaya, shirwa ta samu kasuwa. 'Ya'yan da suka ɗan tasa kan amayar da abin da suka ci, wasu su yi tsalle su bar sheƙa, kuma wanda ya faɗo ƙasa da wuya iyaye su ciyar da shi. Tsaya a gefe, ka ɗauki masu shiga da fita da tsinke a baki. A wannan lokaci balbela kan yi ado da gashi ruwan ƙasa-ƙasa a ka da ƙirji da gadon baya, wanda bai taɓa lura ba zai rantse wani tsuntsu ne daban.

Jirgi marar matuƙi, ko kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito?

Duka biyun a'a. Abin da ke shawagi a sama, a idon mai kwanci shaho ne. Ban da haka, tashinsa na buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da na jami'an tsaro, kuma a Yobe da Borno ba abin wasa ba ne. Kukan waya kuma yana sa namiji ya bar gadi ya fito neman abokin gaban da babu shi.

Wane tsuntsu ne ya fi ba ka sha'awa a sheƙa?

Taka-a-bado, ba tantama. Dogayen yatsunsa ne ke ba shi damar tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tabarma. Gidansu a juye yake: mace ta fi girma, tana da maza fiye da ɗaya, ta yi wa wannan ƙwai huɗu a kan 'yar tarin ciyawa mai yawo a ruwa, ta wuce wurin wancan. Namiji ne ke kwanci, shi ke reno. Ƙwan kansa kamar an shafa masa mai, ruwan ƙasa da baƙin zane kamar rubutun da yaro ya yi da tawada. In uban ya ji motsi, sai ya durƙusa 'ya'yan su shige ƙarƙashin fiffikensa, ya matse su ya miƙe ya tafi da su, ƙafafunsu na reto. Sai ka ga tsuntsu ɗaya da ƙafa takwas ko goma. Na yi damina uku kafin na samu wannan hoton, kuma daga cikin kwalekwale na same shi, ba a sheƙa ba.

Wannan ma shi ne abin da nake gaya wa masu nacin sheƙa: 'ya'yan taka-a-bado da na kirinjijiya da na zakaran ƙeƙuwa suna barin sheƙa jim kaɗan bayan ƙyanƙyasa. Hoton da ya fi rai yana bayan nan, a wurin kiwo, inda iyali ke zuwa da kansu in ka zauna shiru.

Gauraka fa? Ina zan same shi?

In ka same shi ka yi sa'a babba, kuma ka rufe bakinka. Dattawan yankin suna ba da labarin garkunansa a fadamun nan, yau a Nijeriya ya kusa ƙarewa. Fadamun da yake sheƙa sun koma gonaki ko ciyawar kacalla ta cinye su, ga masu kama shi suna sayar wa masu son ado a gida. Sheƙar gauraka ba wurin bukka ba ce ko kaɗan. Ka sanar da ma'aikatan gandun daji ko masu binciken tsuntsaye na cibiyar APLORI da ke Jos, waɗanda ke tattara bayanan tsuntsayen Nijeriya, ka bar sauran.

In na saka hoto a Facebook, in faɗi wurin?

Faɗi jiha ko ƙaramar hukuma, ya isa. Kashe bayanin wuri a waya da kyamara, ka duba kada wata sananniyar bishiya ko gada ta fito a bayan hoton. Ni nakan jira sai 'ya'yan sun tashi kafin in saka. Kuma in wani ya biyo ka ta akwatin saƙo yana cewa, “Don Allah Malam, ni kaɗai,” ka tuna shi ma yana da nasa ni-kaɗai ɗin.

Akwai haɗari ga ni kaina?

Akwai, kuma ba maciji ne kan gaba ba, ko da yake yana nan. Tsargiya ce. Ƙwayar cutar na fitowa daga ƙananan katantanwar ruwan da ba ya gudu, ta huda fata ba ka ji ba, sai bayan makonni ka ga jini a fitsari. Kada ka shiga ruwa da ƙafa tsirara. Sa dogon takalmin roba, in ruwan ya wuce shi ka koma kwalekwale. In ka riga ka shiga, je asibiti a gwada ka, maganinta na nan kuma ba shi da wuya. Sai sauro, sai matsattsaku, sai laka mai riƙe ƙafa har gwiwa. Kwalekwalen masunta kuma siriri ne, ba a miƙewa tsaye a cikinsa don tsuntsu ya tashi. Ka tambayi labarin hanya kafin ka fita, ka dawo gari kafin magariba, kuma duk inda mai tuƙinka ya ce ba a shiga, kada ka ce masa ai ka biya.